Lambar Baba

Ranar Juma'ar da aka yi sadakar bakwai ta Baba a zangon Kumasi, ina aji huɗu. Ina tsugune bakin rijiya ina wanke kwanonin waina sai Baffa Tanimu, yayan Baba, ya fito da farar hular Baba ta sojan ruwa, ya ɗaga ta gaban maza ya ce, "A gwanjo ya saye ta. Idi bai taɓa taka jirgi ba, dako yake yi a Sekondi." Ya jefa wa yara ita, suka yi ƙwallo da ita har ta faɗa kwata. Inna ba ta ɗago kai ba.

Kafin ranar, hular nan ita ce darajar gidanmu. Ni ke goge ta da alli duk Asabar bayan na share tsakar gida na ba kaji dusa. Baba ya koya mana lambarsa ta soja kamar waƙa, da ita muke tsallen igiya, da ita Inna ke daka sakwara. Bayan ranar, a makaranta sunana ya koma "'yar kyaftin ɗin kwata". Na bar makarantar a aji shida, maganar Baffa kuwa ban bar ta ba.

A 2011, ina ƙasar waje ina aikin kula da tsofaffi a Silver Spring, na fara aika wasiƙu ofishin da ke ajiye takardun soja a gida. Kowace sai na buɗe ta sau uku na duba kafin na liƙe. Amsa ɗaya ce: babu Idrisu Mamman. Tsoro ya kama ni, ko Baffa ne mai gaskiya? Wani tsohon soja mai tuƙin tasi, Malam Seidu, da muka haɗu a bakin shagon nama, shi ya yi mini dariya. "Hajiya, a wancan zamanin wa ya damu da sunan ubanmu? Da ƙabila ake rubuta mu. Ba ki da lamba?" Na tsaya bakin shagon nama na rera ta, kamar mai tsallen igiya.

Na aika lambar, bayan wata biyar takardar ta zo. Idi Zabarma, shekara goma sha biyu a cikin jirgi, an sallame shi da kyakkyawar shaida.

Baffa ma yana nan kusa da mu, a Mitchellville, wajen ɗansa Nuhu, idonsa ya tafi. Na san riƙo ba kyau, na yi istigfari, amma na jira ranar sunan jikarsa, falo cike da 'yan zangonmu. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa wa Nuhu takardar. "Yaya, karanta wa Baffa, da ƙarfi." Ya karanta, ya fassara. Baffa ya ce a rage fanka. Na ce, "Baffa, hular fa? A wane gwanjo?" Ba wanda ya taimake shi.

Da muna da hula da mai ita, ba mu da shaida. Yanzu shaidar na rataye a bangon ɗakina, ina goge gilashinta duk Asabar. Ba ta rera lambar kamar Baba.