Gilasan Baba Amos

Baba Amos bai wuce firamare ba, amma shekara talatin da ɗaya ya yi yana yanka dutse a sashen nazarin duwatsu na wata babbar makaranta a Bauchi. Aikinsa ya yanko ɗan guntun dutse, ya manna a gilashi, ya yi ta gogawa har ya yi shara-shara kamar ɓawon albasa, yadda haske zai ratsa shi a na'urar duba ƙananan abubuwa. Daga unguwar Wunti yake zuwa a kan tsohon kekensa, kuma ko shugaban sashe bai isa ya taɓa masa kabad ba.

Dutsen mabul, mai sheƙin nan da ake yi wa gini ado da shi, shi ne abin ƙaunarsa. Yakan ce wa ɗalibai: "Farar ƙasa ce fa ta dahu can a zurfi. Zafi da nauyi suka mai da ita haka. In da yashi ko laka a jikinta, sai ka ga kore ko ja ya fito, gwargwadon zafin da ta sha." Su yi ta yi masa dariya, amma ranar jarrabawa maganarsa suke rubutawa.

Da ya yi ritaya, gilashi sama da ɗari shida ya bari, kowanne da 'yar takardar da ke faɗin ramin da aka haƙo dutsen. Sai aka shiga dogon yajin aiki, ɗakin da ake ajiye su ya yi wata takwas a kulle, gara ta cinye takardun tas. Gilashin da ba a san asalin dutsensa ba kuwa, ba ya amfanar kowa.

Dakta Hammajoda, tsohon ɗalibin da yanzu ke riƙe da sashen, ya sami Baba Amos har gida. "Baba, kai kaɗai ka san su. Ka duba ka faɗa, mu rubuta. In ba haka ba, zubarwa za a yi."

Baba Amos bai gaya masa hawan jinin ido ya ci ƙarfinsa ba. Kunya ta hana shi, da kuma sa rai. Ya sa rigarsa ta zuwa coci ya bi shi.

Aka ɗora gilashin farko a kan na'urar. Baba Amos ya sunkuya, ya murɗa ta, ya sake murɗawa, ya goge ido da hannun riga. Ɗalibai uku na tsaye da biro suna jira. Abin tausayi, ya fi minti biyar a haka.

"Dakta," ya ce, "a kunna mini fitilar na'urar mana."

Hammajoda ya sunkuyar da kai, don tun ɗazu a kunne take.