Jan Ajin da Na Yi wa Mai Ɗibar Jini

Yatsunsa na fara gani, dogaye, cikin farar safar roba, suna lalubar jijiya a hannuna a zauren gidanmu na Yakasai. Sannan ya ja fatar idona ƙasa, ya daɗe yana kallo. A duk littattafan hayar da na karanta, namiji ba ya irin wannan kallon ya tafi haka nan.

Matashin likita ne mai bincike kan ciwon hanta. An sami cutar a jinin Innarmu, shi ya sa ya biyo 'ya'yanta. Ya ce suna nazarin ƙwayoyin halittar cutar da sinadaran jini, don a gane wanda za ta bari ya tsufa da wanda za ta cinye wa hanta.

Sai tambayoyi. Su wane ne kakanninku? Akwai wanda cikinsa ya kumbura ya rasu? Na sunkuyar da kai ina murza gefen mayafi. Binciken asali ke nan, kuma da ƙafarsa ya zo.

Ranar da ya kawo sakamako ya ce, "Malama, taki cutar a kwance take. Amma ki kai wa yayanki wannan takardar, ya zo ya same ni. Maza ta fi yi wa illa, kuma ba ta sallama. Idan da wuri ne, akwai magani."

Yayana, mai wankin hula a Koki, shi ne waliyyina tun rasuwar Baba. Na gane inda zancen ya dosa.

"Zan duba, Likita," na ce, ina jan murya.

Na fesa wa takardar turare, na cusa ta cikin littafi. Sau uku ya kira, na bar wayar ta gama kukanta, don mace mai aji ba ta rawar jiki.

Ƙawata ta ce, "Ke shashasha, hantarku mutumin nan yake nema."

Na ce hassada ce.

Da binciken ya ƙare, kira ya ɗauke. Na yi sati ina kuka, ina kiransa mayaudari.

Bayan shekara bakwai cikin Yaya ya kumbura, idanunsa suka koma kamar gwaiduwa. A asibiti aka tambaye shi me ya hana shi zuwa tun da wuri.

"Ai ba wanda ya faɗa min," ya ce, yana miƙo min kofi in ƙara masa ruwa.

Da daminar nan ya rasu. Takardar tana cikin littafin, har yau tana ƙamshi.