Kiɗan Rok a Gonar Gerona

Shekarar da tsuntsaye jan baki suka sauka a yankinmu, gerona ya yi kyau irin wanda yake ba ni tsoro. Ni abu mai kyau ya fi marar kyau tayar mini da hankali, don marar kyau ya riga ya faru, mai kyau kuwa ana iya rasa shi. Gonar tana bayan gidanmu, danga ce kawai tsakani, kuma ita ce abincinmu na shekara, ni da matata da yara. Da gero ya zubar da bununi ya fara ɗaukar ƙwaya, sai ga tsuntsayen nan kamar hayaƙi, suna sauka a kan zangarniya har ta sunkuya.

Na yi mutum-mutumi da tsohuwar rigata, suka mai da shi wurin hutawa. Na jera gwangwanaye a igiya ina ja. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Yara suna makaranta, ni kuwa da na tsaya a firamare na yi wa kaina alkawari ba zan cire su don korar tsuntsu ba.

Ana cikin haka ƙanina ya zo. Direba ne, yana jigila tsakanin Ɗanbatta da Kano, kuma bai daɗe da samun tsohuwar mota 'yar Turai ba. Ya dire mini wata jaka da ya tsinta a ƙarƙashin kujerar motar, ya ce, "Yaya, ga maganin tsuntsunka."

Faya-fayai ne cike, kowanne a gidansa na roba. Na duba hotunan na ce a'uzu billahi. Maza ne da gashi har kafaɗa, wando ya matse su kamar an ɗinka a jikinsu. Wani faifan ƙoƙon kan mutum ne a jikinsa, wani walƙiya.

Na ce, "Na wane ne? Kada fa mai su yana can yana cigiya."

"Yaya, wanda ya sayar da akuya ai ya sayar har da abin da ke cikinta."

Ya zauna ya yi mini bayani kamar a gabansa aka yi, alhali a waya ya karanta. Ya ce sunan kiɗan rok. Asalinsa daga kiɗan baƙaƙen fatar Amurka ne, sai samarin Turawa suka ɗauka, suka jona wa jita wutar lantarki, suka ƙara mata ƙara. A zamanin da iyayenmu suke samari duniya ta haukace a kansa, filin ƙwallo ya cika maƙil don mutum huɗu kawai. Ya ce kowane faifai kamar dami ne, waƙoƙi a ɗaure a jere, kuma masu saye har faɗa suke yi a kan wane dami ya fi. Yanzu jikokinsu sun koma wani kiɗan, shi ya sa aka manta da waɗannan a mota.

Ya ciro rediyon motar mai cin faifai, don ya riga ya sa sabuwa, ya haɗa ta da tsohon batir da sifika a gindin ɗorawar da ke tsakiyar gona. Ya zura mai ƙoƙon kan. Abin da ya fito sai ka ce injin markaɗe ya haɗiye cokali, ga wani yana ƙwala ihu a ciki kamar kunama ta harbe shi. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Ni ma saura kaɗan in bi su.

Murnata ba ta kai la'asar ba. Bayan salla na tsaya har kowa ya watse, na matsa kusa da limaminmu na ce, "Allah gafarta Malam, ya halatta a yi wa tsuntsu kiɗa?"

Ya daɗe yana kallona, gemunsa yana rawa. Ya ce, "Tsuntsu dai ba a rubuta masa zunubi. Kai kuma niyyarka kora ce, ba rawa ba. Je ka tsare abincin iyalinka."

"To in kunnena ya ji fa?"

"Sai ka hana zuciyarka bi."

Ban yarda da zuciyata ba. Na sami auduga na toshe kunnuwa biyu, na ja hula ta rufe su. Kullum da safe in kunna rediyo, in koma can bakin iyaka in zauna da carbina, ina jin bugun gangar a ƙirji kawai. Har wannan ɗin ma na yi ta tunanin ko ji ne.

Gonar da ke jikin tawa ta ɗan kawuna ce, abokin wasana, layin gamba ne ya raba mu. Tsuntsayen da na kora ba su yi nisa ba. Na ga a gonarsa suka sauka, na ce lallai in je in same shi, don haƙƙin maƙwabci ba abin wasa ba ne. Kafin in je wurinsa ya zo da kansa, ya fizge mini hula ya zare audugar.

"Kai bawana! Baƙinka ka turo mini in ciyar? Ka tara aljanun Turawa a gindin ɗorawa, kai kuma ka zauna kamar mai ciwon haƙori."

"Wallahi abin yana damuna."

"Ni gerona yake damu. Kawo rabona."

Na raba jakar biyu na ba shi. Ya samo rediyo, ya aro sifikar masu wa'azin kasuwa, wadda ta ninka tawa. Mai gonar bayansa ya zo ya karɓi nasa rabon a wurinsa, na gaba ma haka. Kafin mako ya zagayo, in ka biyo hanyar ƙauyenmu da hantsi, kowace gona da nata ihun. Dattawa a dandali suna musu, wannan ya ce mai walƙiya ya fi kora, wancan ya ce ai babu kamar mai ƙoƙon kai. Wani tsoho da ko rediyo ba ya saurare ya ce shi dai nasa mai gangar ne gwani, mawaƙin ne rago.

Kowa gonarsa ta huta, ban da tawa. Ina zaune sai in ga tsuntsaye sun dawo sun sauka hankali kwance, sun ci na ɗan lokaci, sannan su watse. Can an jima su sake dawowa. In ruga ina jifa da hoge, kafin in kai sun ƙoshi. Zangarniyar gefen ɗorawa ta fara zama fayau. Ɗan kawuna yana tsaye a nasa gefen yana nuna ni da baki, yana riƙe ciki don dariya. Na san abin da nake tsoro ne ya faru: hukunci ne, don ni na fara kawo wannan abu garin. Saboda haka na ƙara auduga.

Wata safiya ina cikin jifa sai wani abu ya same ni a ƙeya. Ɓawon goruba ne. Na waiga, ga matata ta leƙo ta saman danga tana yi mini alama in cire abin kunnena. Na cire ɗaya.

"Malam, tun ɗazu nake kira! Saurara ka ji abin da kake kunna musu."

Na saurara. Ba ihu, ba ganga. Jita ce guda tana tafiya a hankali, mutumin da nake zaton kunama ta harba yana rera wani abu da murya mai laushi kamar yana lallashin jariri. Tsuntsaye suna cin gerona a cikin wannan daɗi.

Ta ce, "Kowane faifai da irin wannan waƙar a ciki. Wannan ta biyar ce, akwai wata kuma can wajen ƙarshe, ta fi ta tsawo. Ni da nake daka a tsakar gida na haddace su. Kowa a garin nan in ta zo danna gaba yake yi. Kai kaɗai kake yi musu walima da makaɗi."

Na juya wajen ɗan kawuna na ce, "Ka sani ka yi shiru?"

"Na faɗa maka kullum, bawana. Da bakina na faɗa. Kai ne ka ga dama ka zama kurma."

"Ai da ka matso."

"In matso su koma tawa?"

Na tsaya da auduga a tafin hannu ina duban sauran geron. In na mayar da ita, rumbu zai tashi wayam. In na yar, sai na saurari kowace waƙa daga farko har ƙarshe, da kunne a buɗe, don in san lokacin da mai sanyin za ta shigo. Na yi istigfari na cusa audugar a aljihu, na je na tsuguna gaban rediyo, yatsana a kan maɓalli.

Haka na yi har gero ya bushe. Na san inda mai ganga yake yin shiru kafin ya dawo da ƙarfi. Na san inda jita take hawa sama kamar za ta tsinke. Da na ji ihun ya fara sauka, kafin jitar nan mai taushi ta buɗe baki, na danna. Wani lokaci, don tabbatarwa kawai, nakan bar ta ta ɗan yi nisa.

Mun yi girbi. Gefen ɗorawa ya tafi, sauran ya tsira, rumbu bai cika ba amma ya kai mu har ruwan wata shekara ya sauka. Ranar da muka ɗaure dami ɗan kawuna ya zo taya ni. Ina ɗora na ƙarshe a kan jaki ya ce in daina kaɗa kai, jakin yana kallona. Na ce masa ƙuda nake kora.