Kira huɗu na kashe saboda gem ɗin maciji

A lokacin ina gyaran waya a Dutsin-Ma, shekarata ɗaya da aure. Matata ta tafi goyon ciki gidansu, wani ƙauye a gefen Barkiya ta ƙasar Kurfi. Ranar da na kai ta, na yi wa mahaifiyarta alkawarin da zarar an ga alamar naƙuda a kira ni, zan zo da motar abokina, tunda mota ba ta cika shiga ƙauyen ba.

Ni mutum ne da sababbin gem ba sa daɗewa a hannuna. Masu hoto kamar fim, sati guda na gaji da su. Sai wani dattijo ya kawo gyaran tsohuwar waya mai madannai, ina gwada ta na ci karo da macijin nan da muke bugawa muna yara. Babu wani ado a cikinsa, layi ne kawai yana bin ɗigo. Amma duk ɗigon da ya ci sai ya ƙara tsawo, fili ya ƙara matsewa, nasararka ita ce ke zama tarkonka. In ka faɗi ba ka da wanda za ka zarga sai yatsanka, shi ya sa zuciya ke ce maka sake ɗaya, wannan karon ba za ka yi kuskuren ba. Dattijon bai dawo da wuri ba, wayar ta zauna a aljihuna.

Wata Laraba bayan azahar na kai inda ban taɓa kaiwa ba, macijin ya kusa cika fuskar wayar. Sai tawa wayar ta yi ƙara a kan tebur. Na ga lambar surukata, na danne da gefen hannu, na ce a raina minti biyu. Ta sake kira, na sake dannewa. Na faɗi, na sake farawa. Sau huɗu aka kira. Wallahi na tuna alkawarin da na yi, amma yatsana bai tsaya ba. Sai da maƙwabcin shagona ya shigo da wayarsa a hannu, ya ce wana ne ke nemana, shi surukata ta kira da ta rasa ni, matata jini take zubarwa tun ɗazu.

Ban san yadda ni da abokina muka bar gari a motarsa ba. Mun wuce Kurfi, mun hau hanyar daji, muka hango amalanken shanu tafe da mata biyu a kai. Matata ce kwance, an lulluɓe ta da zane, leɓenta ya yi fari. Surukata ba ta yi min faɗa ba. Ta dai dube ni ta ce, “Malam, mun yi ta kira.” Na ce mata babu sabis a shagon. Ta gyaɗa kai, har ta sa min albarka da na zo.

A asibiti aka yi wa matata aiki, aka ƙara mata jini. Allah Ya tashi kafaɗunta, amma jaririn bai zo da rai ba. Na tambayi likita ko da an kawo ta da wuri zai rayu, ya ce wannan sai Allah. Da ya ce min eh ko a'a, da wataƙila na samu inda zan ajiye zuciyata.

Yau muna da 'ya'ya biyu, kuma har yanzu ita da mahaifiyarta sabis suke ɗora wa laifi. Ban zargi waɗanda suka ƙera gem ɗin ba, sun iya aikinsu ne, shi ya sa ya yi shekara da shekaru bai tsufa ba. Abin da na koya shi ne, abin da ya fi iya riƙe mutum ba ya zuwa da hayaniya, minti biyu kawai yake roƙo. Ɗan'uwa, in wani ya dogara da kai, ɗauki kiransa tun a ƙara ta farko. Ni na ɗauka a makare, kuma ban san ranar da zan iya faɗa wa matata gaskiya ba.