Maikano da Bokitin Farar Ƙasa

Kafin raɓa ta bushe a ganyen dawa, Malam Maikano ya riga ya isa gindin tanki. Daga masallaci ba ya komawa gida. Yakan bi ta bayan gidan mai unguwa, mukulli yana kaɗawa a aljihunsa, ya buɗe ɗakin inji, ya goge farantan sola ɗaya bayan ɗaya, ya murɗa famfo shida ya ga ko akwai mai yoyo. Daga nan sai ya zauna a kan dutsensa yana jiran rana. Idan ta leƙo, ruwa ya fara hawa bututu da wani ɗan gurnani, sai ya lumshe ido. Ya ce a wannan lokacin yakan ji kamar ƙasa ce take gaishe shi, shi kuma yakan amsa.

Shekara ashirin da uku ya yi yana kula da rijiyar burtsatsen Unguwar Kanya, a yankin Ɗankaza. Wanda ya taso daga Wudil da sassafe zai hango tankin tun daga nesa, fari fat a saman kukoki, kamar wata ya manta bai koma gida ba. Baƙi suna ɗauka ado ne. Mutanen garin kuwa sun san abin da farin nan ya ci musu.

Duk bayan shekara huɗu ƙauyen yakan yi farin jini. Sai manya su tuna cewa talaka yana jin ƙishirwa. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, tsohon injin ya ƙone ana dab da zaɓe, wani ɗan takara ya kawo sola aka kafa. Aka yi murna, aka yi guɗa. Aka kuma zana fuskarsa a jikin tanki, da murmushi har kunne, da alamar jam'iyyarsa a ƙasa. Maikano ya ƙyale, tunda ruwa ya dawo.

Bayan kwana uku, Suwaiba ta zo da goyo a baya da jarka a hannu. Mijinta ɗan ɗaya jam'iyyar ne, kowa ya sani. Yahuza, wakilin ɗan takarar a garin, yana tsaye a bakin famfo.

"A'a, Suwaiba, ina kwana? Ai na ɗauka ku naku ruwan daban ne. Ku ɗan jira mana, naku ɗan takarar ya haƙa muku."

Aka kwashe da dariya. Wataƙila ma wasa yake yi. Suwaiba dai ta ɗaga kai ta dubi fuskar da ke jikin tanki, ta juya ta tafi. Maikano ya ce har yau yana jin ƙarar jarkar nan da babu komai a ciki tana bugun ƙafarta tana tafiya. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya ji kunya kamar shi ya kore ta.

Ranar Juma'a ya shiga kasuwar Wudil ya sayo farar ƙasa da buroshi. Asabar da hantsi, a gaban kowa, ya jingina tsani ya hau.

"Baba Maikano," in ji Yahuza daga ƙasa, "ka san fuskar wa kake shafewa kuwa?"

"Na sani, ɗana. Allah ya saka masa da alheri. Amma tun da aka ɗora shi a nan, sai mutum ya duba sama kafin ya sha ruwa. Ku cire siyasa daga bakin famfo, ku kai ta bakin akwati. Can ne gidanta."

Washegari motar ɗan takarar ta zo ta kwance farantan sola ta tafi da su.

Kwana goma sha ɗaya garin ba ruwa. Ko'ina maganar ɗaya ce, tsoho ya ɗebo ruwan dafa kansa, ya haɗa da mu. Wasu suka daina amsa masa gaisuwa. Matarsa Talatu ma ba ta raga masa ba.

"Malam, kai da farar ƙasarka! Ita za mu dama mu sha?"

Bai fasa zuwa gindin tanki da asuba ba. Yakan zauna a kan dutsen, rana ta fito, bututu ya yi shiru. Ya taɓa faɗa wa wani aboki cewa a kwana na bakwai saura kaɗan ya je ya ba da haƙuri a mayar da hoton, don ganin tsofaffi suna ɗingishi zuwa tsohuwar rijiyar bakin fadama ya fi ƙarfin zuciyarsa. Abin da ya tsayar da shi, duk lokacin da ya yunƙura sai ya ji ƙarar jarkar nan.

Ashe hanyar fadama tana nata aikin. Matan da zaɓe ya raba sun koma tafiya tare, wannan ta ɗora wa waccan, waccan ta riƙe wa wannan goyo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. A kwana na goma sha ɗaya suka taru, har da mahaifiyar Yahuza, suka jibge jarkokinsu a ƙofar zauren Yahuza har ya rasa hanyar fita, suka koma gida ba wadda ta ɗora tukunya. Kafin la'asar ta washegari sola ta dawo. A gaban mai unguwa aka yi yarjejeniya: mai son taimako ya yi, Allah yana gani, amma ba fuska, ba alama. Ɓangarorin biyu suka amince da sauri, don kowa ya fi tsoron hoton abokin hamayyarsa a kan rasa nasa.

Kai ne, Maikano, ka koya wa gari guda cewa maƙogwaro ba shi da katin jam'iyya. Zaɓe biyu sun wuce tun daga nan, an manna fosta har a jikin jakuna, amma tankinka ko ɗigo. Fari mai maganin rigima, ba ka taɓa hawa mumbari ba, tsani kawai ka hau.

A watan jiya gwiwoyi suka ce sun gaji, ya miƙa mukulli ga Sabo makaniki. Gari ya shirya masa walima. Don a girmama shi, aka sa mai zane ya rubuta da shuɗin fenti, manyan baƙaƙe: TANKIN MALAM MAIKANO. Yahuza da kansa ya riƙe tsanin. Tsoho ya gani ya yi hawaye, ya yi godiya, ya ci tuwo ya sa wa kowa albarka.

Da gari ya waye, masu ɗiban ruwa suka tarar da shi a gindin tanki. Ba ya iya hawa tsani, sai ya ɗaure buroshi a kan doguwar gora, yana miƙewa da ƙyar, sunansa yana ɓacewa harafi bayan harafi.

"Haba Baba!" in ji Suwaiba, wadda yanzu furfura ta fara yi mata sallama. "Wannan ai ba siyasa ba ce. Kai ne fa!"

"Ni ne, 'yata. Amma a garin nan akwai waɗanda ba ma ga-maciji da su. Su ma suna jin ƙishirwa."

Mun gode, Malam Maikano. Allah ya ƙara lafiya, ya shayar da kai daga tafkin da ba a ƙishirwa bayansa. Mu kuma da muke riƙe da mukullin asibiti, da na makaranta, da na rumbun taki, kowa ya duba bangonsa ya ga fuskar wa ke hana wani shigowa, ya nemi nasa bokitin. Ka yafe mana da muka rubuta sunanka a nan, inda gorarka ba za ta kai ba. Tankin dai yana nan fari, kuma yau da safe kowa ya ɗebi ruwa bai duba sama ba.