Ƙasarin da Na Zubar a Tama

Daidai kiran sallar la'asar, wata Laraba cikin bazara, mu biyu ne a tsakar gida, ni da uwar mijina, sai akuyarta a turke. Ba zan taɓa manta wannan yammacin ba.

Wata biyu ke nan da kawo ni Tama daga Tamaske, a shekarun babban yaƙin Turawa, lokacin da hatsi ya yi wuya. Gidan fatake na fito, ban san rashi ba. Na surfa gero, na bakace, na wanke. Ruwan wankin, wanda muke kira ƙasari, na kwarara shi bayan danga.

"Ɗiyata, mi kinka zubar?"

"Ruwan wanki ne, Inna."

"Ruwan wanki! To, je ki gaya ma akuyag ga haka. In ba ta sha ba, da wane nono za mu dama hura?"

Ta zaunar da ni a gindin turmi. Ta ce wanda ya miƙa wa maƙwabci, kyauta ya yi. Wanda ɓera ya ci masa, hasara ta same shi. Amma wanda ya zubar da hannunsa, bai ci ba, bai ba kowa ba, sunan aikinsa almubazzaranci. A bakinta na fara jin kalmar.

Ashe ranar ta shirya ba ni ƙwaryar awo, wadda ake ɗibar hatsin yini da ita daga rumbu. Amarya ba ta zama matar gida sai ta riƙe ta. A kan idona ta mayar da ita maratayi.

Damina biyu ina miƙa hannu tana auna mini, ina cika ina batsewa. Sai da idonta ya mutu ta sa na auna, ta shafa bakin ƙwaryar da yatsa, ta ce, "To, riƙe." Na karɓa ba ko godiya. Ba ta ga kakar shekarar ba.

Yau na wuce shekarun da ta yi a duniya, kuma ba abin da nake marmari kamar wannan faɗan nata. Na koyi cewa abin da ka raina, wani a gidan yana jiransa. Mai karatu, in mai yi maka irin wannan faɗa yana raye, ka je yau ka gode masa. Tawa kuwa, ka sa ta a addu'a.