Yaya Bello da Birkin da Ya Ƙi Gusawa

Duk wanda ya san yayana Bello a ƙauyenmu na gefen Wad Haddad ya san ba ya tsayawa ya gaisa da mutum. Ba girman kai ba ne, a'a! Gaisuwa kam yakan cika ta, har awakinka sai ya tambaya. Sai dai bisa keke yake yin ta, yana zagaya ka. "Ina kwana?" yana gabanka. "Ina gajiya?" yana bayan kunnenka. "Yaya mutan gida?" ya ɓullo ta hagu. Dalili? Robar birki! Wai duk matsa ɗaya cin roba ne, birki kuwa na ranar tsanani ne, ba na gaisuwa ba. Liman Haruna ya taɓa biye mishi yana juyawa har jiri ya zaunar da shi ƙasa. Yaya ya ce, "Af, Malam, da ka tsaya wuri ɗaya ai ina dawowa."

Keken nan shi ne ƙafafunshi. Gwiwoyinshi sun daɗe da mutuwa, daga ɗaki zuwa ƙofar gida sai da sanda. Amma in ya hau sirdi, to sai gona, sai masallaci, sai kasuwa, ba mai kama shi.

Wata shekara ƙarfen bayan keken ya karye. Mai walda ya liƙe, ya haɗa har da ramin da ake jan ƙafar baya a ɗaure sarƙa. Daga nan sarƙa ta riƙa saki tana faɗuwa. Na ce, "Yaya, ka sayi sabo mana."

Ya ce, "Ke Kande, da haƙorinki ya faɗi sabuwar Kande munka sayo?"

Ranar da zan ga likita a Madani munka tafi tare, da keken bisa rufin mota. Wani bakanike, Usta Siddik, ya zaro mishi wata ƙafar baya daga cikin kayan gwanjo. Ni ban yi karatu ba, amma idona ba ya mantuwa. Cibiyar ƙafar nan, ƙarfen da ke ratsa ta ba a tsakiya yake ba, a gefe yake. In ka sa sifana ka juya cibiyar, sai ƙafar ta ja baya, sarƙa ta ɗaure tam. Yaya ya kusa rawa.

Usta ya ce, "Amma ya Hajj, ka ji da kyau. In ka juya ta, ba baya kaɗai take zuwa ba, tana hawa ko ta sauka. Robobin birkin nan bakin ƙarfen ƙafa suke cizo. Ƙafa ta gusa, dole su ma ka gusa da su."

Yaya ya ce, "Wa ya gusa?"

"Ƙafa."

"To mi birki ya yi? Yana zaune wurinshi lafiya, in taso shi saboda laifin wata? Wadda ta tafi ita za ta dawo ta iske shi."

Usta ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni, uwarmu ma haka ta bar shi."

Juyin farko, ƙafa ta sauka, roba ta koma cizon taya. Ranar kasuwa akuya ta gitta, ya matsa, taya ta fashe, fau! Mata sunka zubar da tumatir sunka runtuma. Shi ko ya tsaya yana kallon akuyar ya ce, "Kin ga abin da kika ja wa talaka?"

Juyi na biyu, ƙafa ta hau, robobin sunka tsaya ƙasa da ƙarfe suna cizon iska. Ranar nan ce ya ɗauko ni za mu suna, ina zaune a baya, sabon mayafi, tiren kisra, gurasar nan tamu marar kauri, bisa cinya. Munka hau gangaren tur'a, babbar hanyar ruwan nan ta gonakin auduga. Na ce, "Yaya, birki!"

Ya ce, "Na matsa."

"Ka ƙara!"

"Kande, shi ya yi nashi. Ita ce ba ta zo ba."

Tsundum! Da munka ɗago, kisra na yawo bisa ruwa kamar tsummoki, hularshi ta kama hanyar Madani. Bai tambayi ko na ji ciwo ba. Cewa ya yi, "Riƙe min sirdin, fata ce, ba ta son ruwa."

Nan dariya ta ƙare. Ɗiyarshi Zainabu ta ga goshinshi a fashe, ta ce halas, ya isa haka nan. Ta sa anka rataye keken a rufin rumfa, ta rantse ba zai sauko ba. Ni ma da fushina na ce ta yi daidai. Sai ga Yaya zaune ƙarƙashin keken kamar mai zaman makoki. Ba gona, ba jam'i. Tuwo ya riƙa komawa yadda ya zo. Mutumin da bakinshi ba ya hutawa, na shiga na tsokane shi, ya ce min "Sannu, Kande." Sannu! Nan na san in ba a sauko da keken nan ba, shi za a ɗauka.

Na ce wa Zainabu, "Ɗiyata, in birki ya kama fa?"

Ta ce, "Gwaggo, ai ba zai taɓa shi ba."

Na ce, "Shi ya rantse, ni ban rantse ba."

Na koma Madani ni kaɗai, Usta ya nuna mini: sassauta nan, ɗaga robar ta daidaita da ƙarfe, kada ta taɓa taya, ɗaure. Na sayo sifanata. Sharaɗin da munka yi ke nan: duk ranar da ya juya cibiya, gidana zai fara zuwa. Gaban Zainabu na gyara, ya hau, ya matsa, keke ya tsaya cak. Ya ɓata rai ya ce, "Aikin mata! Ya kama da yawa."

Tun daga nan kusan duk Juma'a sai ga shi. "Ke mai sifana, fito, sarƙa ta saki na juya." In durƙusa ina gyara, yana bisa kujera yana shan jabanata, kofin nan namu mai ɗaci, yana kushe ni. Kofi ya yi ruwa, hannuna ya yi nauyi, wai tun ina yarinya ban iya ɗaurin komi ba. Ni ko in rama. Haka munka yi shekaru, bai sake faɗuwa ba, har ciwon ajali ya kwantar da shi, kafin wanga yaƙi da ake yi a ƙasarmu ya iso mu.

Usta Siddik ya zo gaisuwa. Nake ba shi labarin wahalar da ƙafarshi ta ba ni duk mako. Ya ce, "Duk mako? Ya Hajja, sarƙa ba ta saki haka. A shekara in an juya sau biyu ya isa."

Kai, Bello! Tsohon nan da ya gwammace ya kwance cibiya duk Juma'a da ya buɗe baki ya ce ya zo ganin ƙanwarshi.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya yafe maka, ya sanyaya makwancinka, ya tashe ka da gwiwoyi lafiyayyu. In tamu ta zo, Allah ya sa mu iske ku cikin rahama. Amin.